Kuɗin da Ka Zuba Ba Naka Ba Ne Kuma, Amma Kada Ka Bar Shi da Araha



Yau za mu leƙa wani ɗaki da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, wato ɗakin karta na birnin Las Vegas da ke Amurka, inda ake buga wasan da suke kira poka. Kafin wani ya ɗauko sanda, mun san hukuncin caca a addini, ba mu kuma zo yi wa kowa tallarta ba. Abin da ya ja mu shi ne lissafin da ke ciki. Masanin lissafi John von Neumann ma da wannan wasa ya yi misali a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944, wanda ya zama tushen ilimin dabarun gasa da masana tattalin arziki ke amfani da shi har gobe. Akwai wata 'yar matsala guda a cikin wasan da aka shekara da shekaru ana gardama a kanta, kuma muna da ra'ayi.

Sai mun fara bayyana yadda teburin yake, tunda ba irin wot ɗin da ake bugawa a majalisun unguwa ba ne. Nau'in da muke magana a kai shi ne na Texas, mai ƙayyadadden zubi. Karta 52 ce. Ana raba wa kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Tsakanin kowane buɗi ana zuba kuɗi, kuma ba a zuba yadda aka ga dama. A teburin dala 10 da 20, duk zubi ko ƙari a zagaye biyun farko dala 10 ne, a biyun ƙarshe dala 20. Idan magana ta zo kanka, ko ka janye, ko ka biya abin da aka zuba, ko ka ƙara.

To da ba a tilasta wa kowa komai ba, da kowa ya zauna yana jiran karta mafi kyau har gari ya waye. Shi ya sa aka ƙirƙiro zubin dole. Mutum biyun da ke hagun mai rabo suna ajiye kuɗi kafin su ga kartarsu, na farko dala 5, na biyu dala 10. Turawa suna kiran wannan zubi da kalmar da ke nufin makaho, don ana yinsa ido rufe. Akwai wani ɗan faifai da ke nuna kujerar mai rabo, yana matsawa gaba bayan kowane hannu, saboda haka zubin yana zagayowa kan kowa kamar adashe. Mai faifan shi ne ɗan gata, domin da zarar an buɗe kartar tsakiya shi ke magana a ƙarshe, bayan ya ga abin da kowa ya yi.

Ga matsalar. Kowa ya janye har magana ta iso kan mai faifai, shi kuma ya ƙara zuwa dala 20. Mai ƙaramin zubi ya ajiye kartarsa. Saura mai babban zubi, yana riƙe da abin da ba a rasa ba, a ce 9 da 7. Ya biya ƙarin dala 10, ko ya bar masa?

Ra'ayinmu shi ne ya biya, kuma ya biya sau da yawa fiye da yadda zuciyar mai taka-tsantsan ke so. Sai dai dalilin da yawancin mutane ke bayarwa na biyan ba shi ne namu ba.

Dalilin da aka fi ji shi ne, ai kuɗina ne a ciki, ba zan bari a sace ba. Hatta kalmar da masu wasan ke amfani da ita, wato kare zubi, tana ƙara ingiza wannan tunani, kamar wani ne ya haura maka katanga. Mu kuwa muna ganin dala 10 ɗin nan ta bar aljihunka tun lokacin da ka ajiye ta. Ta zama ta tulin tsakiya, kuma tuli ba ya tuna wanda ya zuba. Wanda ya biya don jin zafin abin da ya riga ya fita, zai biya da karta mai kyau da marar kyau, zai biya wa mai faifai, zai biya wa wanda ya ƙara daga kujerar farko, duk ɗaya ne a wurinsa tunda fushi ba ya ƙidaya. Irin wannan shi ne abincin teburi.

Tambayar da ta dace ita ce nawa ake nema a hannuna yanzu, kuma nawa ke ajiye. A tsakiya akwai 20 ta mai ƙari, da 5 ta wanda ya janye, da 10 ta zubin dole, jimla 35. Ana neman 10. Idan ka biya, tulin ya zama 45, kasonka a ciki 10 ne, wato kashi 22 cikin 100 da 'yan kai. Ma'ana idan hannunka na iya cin fiye da sau 22 a cikin 100, farashin ya yi araha. Kuma hannuwa a wannan wasa ba su da nisa da juna kamar yadda baƙo ke zato. Akwai hanyoyi 1,326 na haɗa karta biyu, waɗanda idan aka tattara masu kama da juna sukan koma iri 169. Wanda aka fi yi wa dariya a cikinsu, 7 da 2 na dangi daban, yana cin kusan kashi 35 cikin 100 idan aka gwada shi da hannun da aka zaro kawai ba zaɓe. 8 da 7 'yan dangi ɗaya kuwa suna cin kusan kashi 40 a gaban As da Sarki. Tagwayen 3 da As da Sarki kusan kunnen doki ne, har ma tagwayen sun ɗan ɗara.

Sannan a duba wanda ya yi ƙarin. Mutumin da ya ƙara daga kujerar farko a teburin mutum goma ya san akwai tara a bayansa, don haka ba ya fitowa sai da hannu mai nauyi, kamar ɗaya cikin goma. Mai faifai kuwa mutum biyu kacal suka rage masa, kuma ya san zai riƙa magana bayansu har ƙarshen hannun. Gogagge a wannan kujera yakan ƙara da hannu huɗu cikin goma, wani ma ya wuce haka. Ƙarin nasa ba ya cewa komai game da kartarsa sai dai cewa ba shara ce tsantsa ba.

Yanzu mu koma kujerarsa mu ga abin da yake gani, domin a nan ne hujjarmu ta fi ƙarfi. Yana sa 20 don ya ɗauki 15. Idan masu zubin dole biyun suka janye fiye da sau 57 cikin 100, ya ci riba ko da bai duba kartarsa ba. A ce mai ƙaramin zubi yana janyewa sau 8 cikin 10, mai babban zubi kuma mutum ne mai kamun kai da ba ya shiga sai da hannu ɗaya cikin huɗu. A gwaji 100, sau 60 babu mai tanka masa, ya kwashe dala 900 a ruwan sanyi. Sauran 40 ɗin, ko da a ce duk ya sha kashi ya bar 20 ɗinsa, asarar 800 ce. Ya tsira da 100, alhali a zahiri ba zai sha kashi a duka 40 ɗin ba, zai ci da yawa daga ciki. Wato mai kamun kan nan, da yake ganin kansa mai haƙuri, shi ke biyan albashin maƙwabcinsa. Idan kuwa ya koma shiga da hannu 6 cikin 10, sau 32 kawai mai faifai zai ɗauka kyauta, sauran 68 sai ya yi gumi.

Kada a raina waɗannan 'yan daloli. Zubin dole biyun suna cin 15 a kowane zagaye. A teburin mutum goma da ake raba kamar hannu 30 a awa, zagaye uku ke nan, dala 45. Ƙa'idar da aka daɗe ana faɗa a ɗakunan karta ita ce ƙwararre a wannan wasa yana samun kusan babban zubi ɗaya a awa, wato 20 a teburinmu. Abin da ake karɓa a hannunsa da ƙarfi ya ninka ribarsa fiye da sau biyu. Idan teburin ya ragu zuwa mutum shida, zubin na dawowa da sauri, kuɗin kowane hannu ya tashi daga dala ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne wannan: kusan babu wanda ke cin riba daga kujerar babban zubi, komai iyawarsa. Janyewa asarar 10 ce cif, kullum. Idan biya da 9 da 7 ya sa a tsawon lokaci kana asarar 7 a madadin 10, to biyan ya kawo maka 3, duk da cewa a littafinka ja ne zai fito. Da babu gara ba daɗi. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya jin wannan a matsayin nasara, shi ya sa mutane ke gudunsa. Janyewa ba ta da zafi, ba wanda ya ga ka faɗi, ba ka buɗe karta an yi maka murmushi ba. Asarar tana tafiya shiru, goma-goma, har dare ya raba.

Masu adawa da mu suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wancan kashi 22 yaudara ce, domin an lissafa shi kamar za a buɗe maka duk karta biyar kyauta. Ba za a buɗe ba. Kai ne za ka riƙa magana da farko a sauran zagaye uku, shi yana bayanka yana kallo. Idan ya ci gaba da zubi kai kuma kana biya, za ka ƙara 10, da 20, da 20. Wancan 10 na farko ƙofa ce kawai, bayanta akwai 50. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa ba mu ce a biya da komai ba. 7 da 2 ɗin nan, ko da lissafin takarda ya nuna ya haye 22, a ajiye shi, domin ba ya haɗa jeri, ba ya haɗa dangi, kuma ko ya yi tagwaye ƙanana ne da ba za ka iya tsayawa a kansu ba. Haka babbar karta mai rakiyar ƙarama, kamar Sarki da 3 na dangi daban, tana da tarko: ranar da Sarki ya fito a tsakiya kana murna, shi kuma yana riƙe da Sarki da Sarauniya, za ka biya har ƙarshe da hannun da tun farko bai wuce cin ɗaya cikin huɗu ba. Duk da haka a gaban mai faifai mai yawan ƙari ba za mu yi saurin yar da Sarki ba. A gaban mai ƙari daga kujerar farko kuwa ko kallonsa ba za mu yi sau biyu ba.

Inda muka rabu da su shi ne abin da suka gina a kan wannan gaskiya. Sun ce tunda wasan bayan buɗi yana da wuya, a guje shi. Mu muna cewa a koye shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mafi munin ɗan wasa shi ne wanda ya biya 10 ɗin, sannan ya janye duk lokacin da kartar tsakiya ba ta dace da tasa ba. Karta biyu mabambanta suna yin tagwaye da ukun farko sau ɗaya ne kawai cikin uku. To mai faifai ma haka, sau biyu cikin uku bai samu komai ba, amma zai zuba 10 a kan tulin 45, wanda ba ya buƙatar ka janye fiye da sau 18 cikin 100 kafin ya biya kansa. Idan kana janyewa sau 67, gara ma tun farko ba ka shiga ba. A wannan gaɓa ana neman 10 a kan 55, kashi 15 kawai kake buƙata. Tagwaye kowane iri sun isa, As tsurarta sau da yawa ta isa, karta huɗu 'yan dangi ɗaya ko huɗu a jere masu jiran ta biyar sun fi isa. Kuma ba biya kaɗai ba. Ka wuce, ya zuba, ka ƙara masa, wani lokaci da hannu mai ƙarfi wani lokaci da mai jira, don kada ya taɓa sanin wanne ne. Wannan shi ne makamin wanda ke magana da farko, kusan ma shi kaɗai ne.

Sai dai a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani mai nisa, ba a karta ta biyar ba. Wanda ya yanke shawarar bi har ƙarshe zai sa 50 don ya ci 95, yana buƙatar ya yi daidai kusan sau 35 cikin 100. Amma wanda ya riga ya iso zagayen ƙarshe yana fuskantar 20 a kan 125, sau ɗaya cikin bakwai ya ishe shi. Shi ya sa janyewa a ƙarshe, da mutane ke ɗauka alamar hikima ce, ta fi kowace janyewa tsada idan aka yi kuskure, ka ceci 20 ka bar 125.

Mai ƙaramin zubi labarinsa daban ne, kuma ba za mu daɗe a kansa ba. Ana neman 15 a hannunsa a kan 35, wato kashi 30, ga kuma mai babban zubi a bayansa bai yi magana ba. Idan ya biya kawai, ya ba na bayan nasa farashi mai daɗi na 10 a kan 50, ya tsinci kansa tsakanin mutum biyu. Don haka ko ya ƙara ya kori na baya, ko ya ajiye. Yawanci ya ajiye.

Shekaru da yawa wannan gardama ta kasance ta ra'ayi da gogewa. Littafin David Sklansky da Mason Malmuth na 1988 shi ne ya tarbiyyantar da tsara guda ta 'yan wasan Amurka, a zamanin da teburi cike yake da mutum tara ko goma, inda haƙuri ke biya. Da wasan ya koma intanet, aka sami tebura na mutum shida da na mutum biyu, sai aka ga masu nasara suna shiga da hannuwan da dattawa ke kira hauka. Har wani ma'aikacin banki kuma attajiri daga Texas, Andy Beal, ya zauna a otal ɗin Bellagio tsakanin 2001 da 2004 yana kara wa da gungun ƙwararru ɗaya bayan ɗaya a wannan nau'i, zubin ya kai dala 100,000 da 200,000. A wasan mutum biyu kowane hannu kana cikin zubin dole, babu inda za ka ɓuya ka jira.

Sai Janairun 2015, mujallar Science ta buga aikin Michael Bowling da abokan aikinsa na Jami'ar Alberta a Kanada. Sun gina manhaja mai suna Cepheus, suka bar ta tana wasa da kanta fiye da wata biyu a kan dubban injinan kwamfuta, har ta kai matsayin da ko mutum ya shafe rayuwarsa yana wasa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba. Wasan mutum biyu mai ƙayyadadden zubi ke nan aka warware. Manhajar ta tabbatar da cewa kujerar mai rabo tana da fifiko na gaske. Ta kuma nuna abin da ya shafe mu: idan tana kujerar babban zubi, tana shiga da hannuwa masu faɗi fiye da yadda yawancin mutane ke yi, kuma tana yawan mayar da ƙari da ƙananan tagwaye irin su 3 da 4. Ita ba ta da girman kai, ba ta jin an sace mata komai. Lissafi ne ya kai ta can.

Gaskiya ta sa mu faɗi cewa teburin mutum biyu ba teburin mutum goma ba ne. A can mai rabo shi ke ajiye ƙaramin zubi, yana kuma ƙari da mafi yawan hannuwansa, don haka ba za a kwafi jadawalin Cepheus a kai shi teburi cike ba. Amma a lura, a can farashin 10 ne a kan 30, ya fi namu na 10 a kan 35 tsada, kuma duk da haka amsar ta fito a tsaya. Alƙiblar dai ɗaya ce da tamu.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma abubuwa uku ne ke canza kiɗan. Na farko mutumin: akwai mai faifan da ba ya ƙari sai da hannun kirki, shi kam a bar masa, ba sata yake ba. Kujerar da ke kafin ta mai faifai ma ƙarinta ya fi nauyi kaɗan, tunda mutum uku ne a bayanta. Na biyu tsarin zubin. A teburin 15 da 30 ƙaramin zubi yakan zama 10, sai tulin ya zama 55 ana neman 15, ya ƙara araha. A teburin 3 da 6 yakan zama dala 1, tulin 10 ana neman 3, ya ɗan yi tsada.

Na uku shi ne wanda littattafai suka fi saurin wucewa a kai, wato kason mai gida. Ɗakin karta ba ya wasa da kowa, yana dai yankar wani abu daga kowane tuli, yawanci kashi 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka ta 'yan daloli. A ce iyakar dala 5 ce. Hannun da muka bi har ƙarshe a teburin 10 da 20 ya tara 145, an cire 5, bai kai kashi 4 ba. Irin wannan hannun a teburin 4 da 8 zai tara 58, a cire 5, kusan kashi 9. Hannuwan da ke bakin iyaka, waɗanda biya da su ke ceto dala ɗaya ko rabi, wannan yanka yana cinye ceton gaba ɗaya. Saboda haka a ƙaramin teburi sai an matse abin da muka faɗa, 9 da 7 'yan dangi ɗaya su zauna, 9 da 5 na dangi daban su tafi. Mai faifai da mai babban zubi na iya buga hannunsu ba tare da kuskure ko ɗaya ba, su tashi da asuba kowanne aljihunsa ya ragu, dala biyar-biyar ɗin suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburi.